Jinkirin Tashin Kwamfuta Saboda Faifan Ajiya da Wayoyinsa

Mun tanadi wannan bayani ne domin ma'aikatan ƙananan hukumomi, da malaman makarantu, da masu shagunan buga takardu a karkara, waɗanda mai gyara yake yi musu nisa. Sau da yawa idan kwamfuta ta fara nawa wajen tashi, shawarar da ake fara bayarwa ita ce a goge komai a sake zuba Windows. A ganinmu wannan gaggawa ce mai haɗari, domin takardun albashi da rajistar ofis kan salwanta tare da gogewar, daga baya kuma a tarar jinkirin yana nan inda yake.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne matakin da jinkirin yake aukuwa. Da zarar an kunna na'ura, wani ƙaramin shiri da ke cikin babban allonta na ciki, wanda ake kira BIOS, ko UEFI a sababbin na'urori, shi ne yake fara aiki. Yakan bi kowace kafa da ake haɗa faifai ya yi sallama, ya jira amsa. Ƙa'idar ATA ta ba faifai har daƙiƙa 31 kafin ya nuna cewa ya shirya. Saboda haka idan na'ura tana tsayawa kimanin rabin minti ko fiye a kan tambarin kamfani ko baƙar fuska, tun alamar Windows ba ta bayyana ba, to galibi jiran amsar wani faifai ake yi. A wannan mataki ba a kai ga Windows ba tukuna, don haka sake zuba shi ba zai yi magani ba.

Kafin a buɗe akwatin na'ura, a kwafi muhimman takardu zuwa wani wuri. Sannan a cire duk abin da aka soka ta kafar USB, kamar filas da firinta, a sake kunnawa, domin filas mai matsala shi kaɗai yana iya jawo wannan tsaiko. Idan ba a ga canji ba, a kashe, a zare wayar wuta daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a sa hannu ciki.

A tsofaffin na'urori ana haɗa faifai da waya mai faɗi kamar ɗamara, wadda ake kira IDE. Bakinta yana da ramuka 40, kuma waya ɗaya tana ɗaukar faifai biyu, ɗaya babba ɗaya mabiyi. A bayan kowane faifai akwai ɗan murfin roba da ake ɗorawa a kan allurai biyu, masu gyara suna kiransa jamfa, kuma shi ne yake tantance matsayin faifan: MA na babba, SL na mabiyi, CS kuwa yana bar wa waya zaɓi. Idan faifai biyu duk aka sa su a MA, tamkar hakimai biyu ne a gari ɗaya: BIOS zai daɗe yana jira, ko ya kasa ganin ko ɗaya. Akwai kuma wani abu da yake rikita ko da ƙwararru. Yawancin faifan IDE na kamfanin Western Digital, idan faifan shi kaɗai ne a kan waya, ba a sa shi a MA. Cire jamfar ake yi. In an bar shi a MA, sai ya tsaya neman mabiyin da babu shi.

Ita kanta wayar iri biyu ce, mai zare 40 da mai zare 80. A mai zare 80, shuɗin baki yana shiga babban allo, baƙin bakin da ke ƙarshe na babban faifai ne, mai ruwan toka na tsakiya kuma na mabiyi. Faifai ɗaya tak a ƙarshe ake sa shi, ba a tsakiya ba. Tsawonta kada ya wuce inci 18, kuma a duba ko wata allura a bayan faifan ta lanƙwashe.

Daga shekarar 2003 aka fara komawa ga SATA, siririyar waya mai haɗi 7, faifai ɗaya waya ɗaya, babu zancen jamfar babba da mabiyi. Matsalarta ita ce sassautawa, musamman wadda ba ta da maƙalin ƙarfe, ko bayan an ɗauko na'ura a mota a kan hanya mai gargada. Ƙurar hunturu ma tana taruwa a bakinta. A zare, a share, a mayar sosai. In bai yi ba a canza waya ko a koma wata kafa. A duba wayar wutar faifan ita ma.

Hanya mafi tabbas ta gano mai laifi ita ce a bar faifan da Windows yake ciki kaɗai, a cire sauran, sannan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya ana kunnawa. Sau da yawa tsohuwar na'urar CD ko DVD da aka daina amfani da ita ce take riƙe kowa. Daga nan a shiga BIOS, yawanci da maɓallin Del ko F2, a sa faifan Windows farko a jerin tashi. Idan agogon na'ura yana komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, batirin CR2032 da ke kan babban allo ya mutu, kuma saitin zai riƙa gogewa har sai an canza shi.

Faifan da yake ƙara ƙas-ƙas, ko yake bayyana yau ya ɓace gobe bayan an canza masa waya, ko BIOS ya yi gargaɗin SMART a kansa, ya kusa mutuwa. A daina yawan kunna shi, a kwashe abin da ke ciki nan take, a sanar da jami'in da ke kula da kayan ofis domin a sayo wani.