Kare Ran Ɗan Tayi a Ƙasar Hausa: Aro ne ko Gadon Malikiyya?

Wani ra'ayi ya fara samun gindin zama a nazarce-nazarcen lafiyar mata a Arewa, cewa adawar da ɗalibai da marubuta da malamai ke yi wa zubar da ciki reshe ne na muhawarar Amurka, wadda hukuncin Roe da Wade na 1973 ya kunna, hukuncin Dobbs na 2022 ya sake rurawa. Masu ra'ayin sukan kafa hujja da yadda Jihar Legas ta dakatar da ƙa'idojinta na zubar da ciki a 2022 bayan ƙorafin shugabannin addini. A ganina, da wuya wannan bayani ya zauna daidai a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura.

Almajirin da ya yi karatun zaure a wannan yanki ya gaji matsayinsa ne daga fiƙihun Malikiyya. Dardir, wanda ya rasu a 1786, ya bayyana a sharhinsa na Muhtasar Halil cewa bai halatta a fitar da abin da mahaifa ta riƙe ba ko da kafin kwana 40, kuma bayan busa rai haramcin ya zama ijma'i. Hadisin Ibn Mas'ud kan matakan halitta, wanda malamai suka lissafa kwana 120 daga gare shi, sananne ne. Haka ma gurra, diyyar ɗan tayi. Sashe na 232 na dokar Penal Code ta Arewa, mai tanadin ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ya tarar da wannan fahimta a ƙasa.

Hujja mafi ƙarfi da mai sukar wannan matsayi zai kawo ita ce saɓanin malamai. Lahmi, Bamalike ne, ya sassauta kafin kwana 40. Wasu Hanafiyya sun yarda kafin kwana 120 idan akwai uzuri. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta zubarwa kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci ya tabbatar da mummunar naƙasa marar magani, kuma iyaye suka nema. Mai sukar zai ce, ina haɗin kan da ake iƙirari? Duk wannan gaskiya ne, amma ya fi taimakon hujjata. Saɓani ne na cikin gida, mai ƙa'idojinsa da kwanakinsa da uzurorinsa, kuma da yawa daga masu sassauci ba su mayar da cikin abin da za a zubar don son rai kawai ba. Malamai da yawa kuma sun fifita ran uwa idan cikin zai halaka ta, kamar yadda sashe na 232 ya keɓe.

Sai dai dole in taƙaita da'awata. Abin da littattafai ke tabbatarwa shi ne tsufan hukuncin. Ba su tabbatar da cewa al'umma na kare rai a aikace ba. Yarinyar da tsoron abin kunya ya kai ta kemis ko wurin mai magani a ɓoye, da matar ƙauye da jini ya ɓalle mata ko jijjiga ta kama ta kafin a samo motar zuwa asibitin Kazaure, suna cikin wannan mas'ala. Shirin Haihuwa Lafiya na Jigawa da makarantar ungozoma ta Babura sun taɓa wani ɓangare na matsalar, amma alƙaluman masu kare ɗan tayi ba su cika waiwayar su ba.

Saboda haka nake kira ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da marubutan yankin da malaman zaure su haɗa abubuwan biyu a rubutu da wa'azi: haramcin zubar da ciki, da wajabcin awon ciki, ba da gudummawar jini, hukunta mai fyaɗe, da rufa asirin yarinyar da ta faɗa cikin jarrabawa. Matsayin da Malikiyya ta bar mana ya ɗora mana nauyin uwa da abin da ke cikinta baki ɗaya.