Turaren Maza Mai Zaƙin Ƙamshi: Daga Almiskin Madina Zuwa Kwalaben Faransa

Turaren namiji mai zaƙin ƙamshi ya girmi rabon da kantuna suke yi a yau, na cewa wannan kwalba ta maza ce, waccan ta mata. A ƙasashen Musulmi, namiji ne ma aka fi kwaɗaitar da shi ya fita da ƙamshi. Imam Muslim ya rawaito cewa Annabi Muhammad (SAW) ya fifita almiski a kan sauran turaruka, Bukhari kuma ya kawo daga Anas cewa ba ya mayar da kyautar turare. Nana A'isha ta ba da labarin yadda take shafa masa turare kafin ya ɗaura harami, har ana ganin ƙyallin almiski a tsagar gashin kansa. Wani hadisi da Tirmizi da Nasa'i suka kawo ya bambanta turaren jinsunan biyu ta wata fuska: na namiji shi ne mai bayyanannen ƙamshi da ɓoyayyen launi, na mace kuwa mai bayyanannen launi da ɓoyayyen ƙamshi, malamai suka ce wannan ya shafi lokacin da za ta fita waje ne. Ke nan ma'aunin shi ne wa zai ji ƙamshin kuma a ina. Babu inda aka ce zaƙi na mata ne, kaifi na maza.

Su kansu kayan haɗin zamanin masu nauyi ne, masu kama jiki. Ana samun almiski daga wata 'yar jaka da ke cikin namijin wata irin barewa ta tsaunukan Tibet da Sin. Ambar kuwa daga cikin wani babban kifin teku yake fitowa, ya yi ta yawo a kan ruwa har igiya ta jefo shi gaɓa. Udu itace ne na yankin Assam da kudu maso gabashin Asiya, wanda ba ya ƙamshi sai cuta ta kama bishiyar ta fitar da baƙin ƙaro don kare kanta. A fadar Abbasiyawa a Bagadaza, turaren da ya fi daraja shi ne galiya, haɗin almiski da ambar da man ban, kuma halifofi da waziransu a gemu suke shafa shi. A ƙarni na 9 aka sami littafin kimiyyar turare da ake jingina wa masanin falsafa Alkindi, mai ɗauke da hanyoyin haɗi sama da 100. Ruwan wardi da man wardi, waɗanda Turawan baya suka mayar kayan mata, maza ne manyan masu saye.

Ƙasar Hausa ta karɓi wannan al'ada ta hanyar malamai da ayarin Sahara. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa kayan ƙamshin da fatake suke kawowa daga arewa: jawul, sumbul da kanumfari, waɗanda ya ƙiyasta kuɗinsu a wuri miliyan 15 a shekara. Abin da ya fi jan hankali a lissafinsa shi ne man wardi. Ya ƙiyasta shi a wuri miliyan 40, ya kuma lura cewa kaɗan ne daga cikinsa yake isa kasuwa, domin a ɓoye ake sayar wa sarakuna da manyan gari, ko a kai musu shi gaisuwa. Wato a Kanon wancan zamani ƙamshin fure alamar mulki ce da wadata. Akwai kuma na gida, irin su jibda da ake samu daga tunku, da gajiji.

A gidan Bahaushe, ƙamshin maigida sau da yawa aikin uwargida ne. Ranar Juma'a da hantsi za a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa turaren wuta, a kifa kwando a kai, sannan a shimfiɗa babbar riga da 'yar ciki da hula su sha hayaƙi har ya ratsa zare. Matan Barebari da Shuwa na Maiduguri sun yi suna a wannan fanni, su ne gwanayen humra da haɗin sandal da hawi da farce. Mutumin da ya shiga sahu da irin wannan ƙamshi, jama'a sukan ce ya dace da mata. Wannan ya nuna abin da masu muhawarar yau kan turaren maza suke mantawa: mace ba mai shaƙa ce kawai daga nesa ba, ita ce ta daɗe tana zaɓa wa namiji ƙamshin da take so ta ji a jikinsa.

Turai ma ta yi zamanin da fadawa maza suke wanka da turare, musamman a fadar Faransa ta ƙarni na 18. A 1709 Johann Maria Farina ya fara sayar da ruwan Kolon, mai ƙamshin lemo, wanda maza da mata suke amfani da shi, Napoleon kuma yana cikin mashahuran masu son sa. Sai ƙarni na 19 ya zo da wata sabuwar ɗabi'a a tsakanin masu hannu da shuni: namijin kirki shi ne mai baƙar kwat, mai ƙamshin sabulu kawai, kwalliya da furanni a bar wa mata. Daga nan ne ra'ayin cewa zaƙin ƙamshi raini ne ga namiji ya samo tushe. Bai wuce shekara 200 ba, kuma na wani yanki ne na duniya.

Abin lura shi ne, masana'antar da ta gina wannan katanga ba ta taɓa rabuwa da zaƙi ba. A 1868 William Perkin ya haɗa sinadarin kumarin a ɗakin gwaji, mai ƙamshin busasshiyar ciyawa da ɗan zaƙi. A 1874 Tiemann da Haarmann suka haɗa sinadarin ƙamshin banila a Jamus. Paul Parquet ya ɗora turaren Fougère Royale na kamfanin Houbigant a kan kumarin a 1882, kuma daga wannan kwalba ce yawancin turarukan maza na Turai suka gaji tsarinsu. Jicky na Guerlain, wanda ya fito a 1889 da banila a ƙasansa, maza da mata duk sun sa shi. A 1934 kamfanin Caron ya fitar da Pour Un Homme, ɗaya daga cikin na farko da aka rubuta wa sunan namiji ƙarara, kuma ginshiƙinsa furen labanda ne da banila. Zaƙin yana nan, an dai lulluɓe shi da ɗan kaifi, an ce na bayan aski ne.

A daidai wannan lokaci wani kamfanin Landan, W. J. Bush, ya gano cewa kasuwar Afirka ta Musulmi da nata ɗanɗanon. A 1920 ya fitar da Bint El Sudan, bayan tafiyar wakilinsa Eric Burgess zuwa Khartum. Mai ne zalla ba barasa a ciki, abin da ya sa ya shiga masallaci da jakar alhazai ba tare da tantama ba. Daga baya aka koma haɗa shi a Kano. Hausawa suka ce masa Binta Sudan, ya zauna kusa da ɗan goma da ɗan duwala a teburin mai koli, ana sa shi a lefe, ana yayyafa wa amarya, dattijo kuma ya ɗiga a rawani.

Alƙawarin cewa turare zai jawo wa namiji mata kuwa, 'yan talla ne suka ɗaga shi sama. Old Spice na maza ya fito a Amurka a 1938, Brut ya biyo a 1964. A 1967 aka fara sayar da Hai Karate tare da 'yar takardar koyon kare kai, wai don mai shi ya iya tsira daga matan da za su yi masa rubdugu. Axe, wanda Unilever ya fara sayarwa a Faransa a 1983, ya shafe shekaru yana maimaita wannan hoto ga samari. Talla ce da ta rage wa mace daraja, ta mayar da ita kamar ƙudan zuma da ba ya wuce fure. Ƙasar Hausa ma tana da irin nata: turaren farin jini da na mallaka da wasu masu magani suke sayarwa, da marubutan littattafan soyayya na Kano da sukan sa ƙamshin saurayi ya riga shi isa zaure.

Daga ƙarshen shekarun 1980 ne aka fito da zaƙin fili. Joop! Homme na 1989 ya zo da ruwa ja-ja da ƙamshin kirfa da banila. A 1992 Thierry Mugler ya fitar da Angel na mata, wanda aka cika da sinadari mai ƙamshin ƙonannen sukari, ya buɗe babin turaruka masu kama da kayan ci. Le Male na Jean Paul Gaultier, haɗin Francis Kurkdjian, ya biyo a 1995, sai A*Men a 1996, sannan 1 Million na Paco Rabanne a 2008. A 2002 Yves Saint Laurent ya sa udu a cikin M7, daga nan manyan gidajen turaren Faransa suka shiga neman kasuwar Larabawa da kayan da Larabawa suka sani tun fil azal. Yau kuma kamfanonin Dubai irin su Lattafa suna sayar wa samarin Turai da Amurka haɗin dabino da kirfa da banila, kwalaben nan kuma su ne suka cika shagunan Kano da Kaduna da Maraɗi, ban da masu auna man turare a 'yan kwalabe.

To, me mata suke so? Masu bincike sun taɓa tambayar, amsar da suka samu ba ta kai girman ta 'yan talla ba. A 1995 Claus Wedekind na Jami'ar Bern ya sa maza 44 suka kwana biyu da riguna ba turare, mata 49 suka shinshina, aka ga sun fi karkata ga warin jikin mazan da ƙwayoyin halittar garkuwar jikinsu suka bambanta da nasu. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su haɗu a kan sakamako ɗaya ba. Sinadaran da ake tallatawa da sunan masu jan sha'awa ma ba su tsira ba: wani gwaji a Jami'ar Yammacin Ostireliya a 2017 bai ga tasirinsu a kan yadda mutane suke ganin kyan juna ba.

Bincike biyu ne suka fi kusa da abin da mai sayen turare zai amfana da shi. A 2009 Craig Roberts da abokan aikinsa a Jami'ar Liverpool, tare da masu binciken Unilever, suka ba wasu samari feshi mai ƙamshi, wasu kuma marar ƙamshi, suka ɗauke su a bidiyo. Matan da suka kalli bidiyon, waɗanda ba su ji ƙamshin komai ba, sun fi yaba masu ƙamshin, amma a hoton da ba ya motsi ba a ga bambanci ba. Abin da ya canza shi ne natsuwar saurayin da yadda yake ɗaukar kansa. A 2012 kuma Pavlína Lenochová da abokan aikinta a Prague da Vienna suka nuna cewa turaren da mutum ya zaɓa da kansa ya fi daɗi a hancin mata idan ya gauraya da warin jikinsa, fiye da wanda aka ɗauko aka ba shi, ko da turarukan biyu daɗinsu ɗaya ne a cikin kwalba.