Daga Gizago Zuwa Zarto: Tarihin Kujera a Wurinmu

Jama'a, mu dubi abin da muke zaune a kai. Kujera tana da tarihi, kuma tarihin ya shafi sana'ar da ke neman suɓuce wa 'ya'yanmu a nan Abuja.

A ƙasar Hausa ta dā, yawancin zama a ƙasa ake yinsa. Magidanci yana kan tabarma, malami kan buzu, sarki kan karaga. Kujerar da kowa ya sani ita ce 'yar tsugunno, wadda mata ke zama a kai a bakin murhu. Masassaƙi ne ke yin ta, daga kututture guda, babu ƙusa, babu gam. Da gatari zai sare itacen, da gizago zai fito da ƙafafu da mazauni. Shi ne kuma mai yin turmi da taɓarya, akushi, allo da ƙotar fartanya. Ya san ƙirya ita ce ta turmi saboda taurinta, ya san amfanin maɗaci da marke. Nupawan Bida sun shahara da irin wannan aiki, kujerunsu masu ƙafafu da yawa daga gungume ɗaya ake sassaƙa su.

Kujera mai majingina, wadda ake haɗawa da yankakken katako, ta yaɗu ne a zamanin Turawa. A 1909 Hanns Vischer, wanda muka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, har da sashen koyon sana'o'in hannu, ciki akwai aikin katako. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, kayan aiki suka samu hanya. Ofisoshin En'e da makarantu suka buƙaci wurin zama. Kalmomin kansu shaida ne: kafinta, tebur, benci, duk aro ne daga Ingilishi.

Bambancin ayyukan biyu babba ne. Masassaƙi ragewa yake yi har kujera ta fito. Kafinta kuwa haɗawa yake yi, shi ya sa kujerar farko ke wahalar da ɗan koyo fiye da tebur. Ƙafafu huɗu sai sun zo daidai, in ɗaya ta gaza kaɗan kujera ta yi ta rawa. Sai ya huda rami a jikin ƙafa, ya fere bakin sandar da za ta shiga ramin cif. Idan mutum ya jingina, nauyinsa kan wannan mahaɗa yake sauka, ƙusa kaɗai ba ta riƙe ta. Idan kuma katakon ɗanye ne, yana bushewa zai tsuke, mahaɗar ta saki. Yaron da ya yi wannan da zarto, guduma da ma'auni ya koyi abin da inji ba zai koya masa ba.

Da aka ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, buƙatar kayan katako ta ƙaru ƙwarai. Haka kasuwar katako ta Dei-Dei ta bunƙasa, Kugbo da ke hanyar Nyanya ta zama matattarar masu haɗa kujeru. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya sa aikin katako a ƙananan sakandare, amma makarantu da yawa sun rasa malamai da wutar da za ta juya injinan.

Yau kujerar roba ta cika wuraren biki, matasanmu kuma da yawa na zaune babu sana'a. Kayan fara wannan aiki ba sa buƙatar lantarki, kuma akwai kwalejojin fasaha a Garki da Orozo, ga shagunan kafintoci a unguwanninmu. Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kai yaranmu su koya lokacin hutu, in sun haɗa kujerar farko mu ne za mu fara saye.

Allah Ya sa albarka a hannuwansu.