Takardar da ke riga kaya isowa: daga Berlin zuwa ofishin duwan

Duk wanda ya taɓa jiran kaya daga Kwatano ko Lome ya san maganar nan: "Kaya sun iso, amma takarda ba ta fito a na'ura ba." Kamyo na tsaye, direba na cin kuɗin guzuri, mai kaya na ta kiran waya safe da yamma. To wannan takarda da ba a riƙe ta a hannu tana da tarihinta, kuma daga rikicin manyan ƙasashe ta faro.

A watan Yuni 1948 Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin ƙasa masu shiga yammacin Berlin. Amurka da Ingila suka koma kai abinci da kwal ta jirgin sama, fiye da tan miliyan 2 kafin a gama a 1949. Jirage na ta sauka ba ƙaƙƙautawa, amma kowane ɓangare da irin takardar lissafin kayansa. Sai wani sojan Amurka, Edward Guilbert, da abokan aikinsa suka tsara takarda iri ɗaya, kowane bayani da gurbinsa, a aika ta teleks ko rediyo ko tarho tun jirgi bai sauka ba.

Guilbert ya tafi da dabarar kamfanin DuPont a farkon shekarun 1960. A 1968 kamfanonin sufuri na Amurka suka kafa kwamiti don su daidaita saƙonninsu, a 1975 ƙa'idojin farko suka fito. Abin da ake kira EDI kenan: kwamfutar wani kamfani ta aika wa ta abokin cinikinsa odar kaya ko takardar biya, ba mai sake bugawa da hannu. Amurka ta riƙe tsarinta na X12, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da EDIFACT a 1987.

Ni inda ya fi jan hankalina shi ne yadda saƙon ke gane hanya. Kun san aika wasiƙa ta tasha: ka ba ɗan kamasho, ya duba sunan gari, ya miƙa wa direba. Haka aka yi. Kowace takarda tana cikin ambulan na lantarki mai ɗauke da lambar mai aikawa da ta mai karɓa. Wasu kamfanoni suka tsaya tsakani, kowane ɗan kasuwa da akwatinsa a wurinsu, su karanta ambulan su jefa inda ya dace, shaidar isowa ta dawo wa mai aikawa. Amma hwa ba kyauta ba, gwargwadon yawan haruffa ake biya. Babban kamfani bai ji ba, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ya ji a jikinsa. Ko da intanet ta zo, a 2002 Walmart ce ta sa masu sayar mata da kaya su koma tsarin AS2 na aikawa kai tsaye. Mai ƙarfi ne ya zaɓi hanya, saura suka bi.

Mu ta ƙofar duwan abin ya shigo mana. A 1981 CEDEAO ta nemi hukumar CNUCED ta taimaka wajen haɗa alƙaluman kasuwancin ƙasashenta, daga nan aka haifi SYDONIA, wanda duwan ɗin Nijar ke aiki da shi. Ribarsa a fili take: bayanin kaya na iya kaiwa Gaya ko Yamai tun mota na hanya, kuma sauya adadi a ɓoye ya ƙara wuya.

Sai dai alhajin Maraɗi ko Damagaram da ya saba ciniki da baki da amana, yanzu dole ya bi ta hannun wakilin da ke da izinin shiga na'ura, ya biya shi. Idan lambar kwantena ta saɓa da harafi ɗaya tsakanin takardar jirgin ruwa da abin da wakilin ya shigar, ko rezo ya ɗauke ranar Juma'a da yamma, kamyo zai iya kwana nan har Litinin, kuɗin jira na ta hawa.