Amsa da Murya Ɗaya a Azuzuwan Firamare na Nguru da Gashuwa: Nazarin Aikin Yau da Kullum

Wannan maƙala ta dubi aikin da ya fi cinye lokaci a ƙananan azuzuwan firamare na arewacin Yobe, wato malami ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya. Matsayinta shi ne wannan dabara tana ɓoye yaron da bai fahimta ba. Idan aji ya ɗauki amshi, muryar masu ganewa ce ke jan sauran, malami kuma ya ɗauka darasi ya zauna. Lamarin ya fi tsanani a Nguru da Gashuwa saboda yanayin harshe. Gashuwa ce hedikwatar masarautar Bade. Nguru kuwa, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe, ta tara Mangawa da Hausawa da Fulani. Yaron da ya tashi da Badanci ko Manganci yana iya maimaita jimlar Turanci daidai, bai san me ya ce ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko na muhalli, amma tanadin bai cika isa bakin allo ba.

Za a ce maimaitawa gadonmu ce, da ita tsangayun ƙasar Borno suka yaye mahaddata. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin tsarin makarantar allo na ɗaiɗaiku ne. Kowane almajiri yana da allonsa da inda karatunsa ya tsaya, kuma ba ya wanke allon sai malam ya saurare shi shi kaɗai, ya tabbatar ya riƙe. Makarantar boko ta ari ɗaga murya, ta bar sauraron. Abin da ya kamata a dawo da shi ke nan: a kowace rana a sami lokacin da yaro zai karanta layi ɗaya da bakinsa, ya rubuta kalma da hannunsa, ya ƙirga marafan kwalba ko guntayen kara a gaban wani. Kayan lissafi ma ba su yi nisa ba. Yaran da iyayensu ke su da noman shinkafa a fadamun Haɗejiya da Nguru sun san mudu da tiya da canjin kuɗi tun kafin su ga alamar tarawa.

Ƙorafi na biyu, wato cunkoso, ya fi nauyi, kuma gaskiya ne malami ɗaya ba zai saurari kowa a darasi guda ba. Sai dai tsarin da ƙungiyar Pratham ta ɓullo da shi a Indiya, wanda aka gwada a jihar Borno, ya nuna mafita: a kasa yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, masu gane harafi daban, masu haɗa gaɓa daban, malami yana zagayawa. Akwai kuma masu tsoron cewa idan aka koyar da harshen muhalli, Hausa za ta ƙara danne Badanci. Tsoron yana da tushe, shi ya sa aikin rukuni ya fi dacewa, domin a nan ne yara za su yi wa juna bayani da harshen gida.

Gwamnatin Yobe ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2019, amma gina azuzuwa kaɗai ba zai sauya abin da ke gudana a cikinsu ba. Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa su sa sauraron yaro ɗaya-ɗaya cikin abin da ake auna ɗalibin malanta da shi lokacin gwajin koyarwa.