Yadda Yunwar Masu Haƙar Zinariya Ta Haifi Birnin Finiks

Yau za mu leƙa jihar Arizona, a kudu maso yammacin Amurka, mu ji yadda noman rani ya kafu a wurin da mutane suka je neman zinariya.

Arizona ƙasa ce mai fari da tsananin zafi. A kwarin da za mu yi magana a kai, ruwan saman shekara guda bai cika kai milimita 250 ba. To, me ya kai mutane can? A 1863 wani Bajamushe mai suna Henry Wickenburg ya gano zinariya, aka buɗe mahaƙar da ake kira Vulture. Nan da nan mahaƙa suka cika wurin. A 1865 kuma sojoji suka kafa barikin McDowell.

Amma fa zinariya ba ta ciwuwa. Mahaƙa na son gari, dawaki da alfadarai na son ciyawa da hatsi. Yawancin kaya sai an hauro da su ta Kogin Kolorado a jirgin ruwa, sannan a ɗora wa keken shanu ya ratsa daji. Kafin buhu ya iso, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo.

Nan ne wani tsohon soja, Jack Swilling, ya shigo labarin. Da ya bi ta kwarin Kogin Salt, sai ya lura da wasu dogayen ramuka da ƙasa ta cike. Ashe tsofaffin hanyoyin ruwa ne. Mutanen Hohokam, 'yan asalin wurin, su suka haƙa su da hannu, ba ƙarfe ba dabba, tsawon ɗaruruwan kilomita. Sun yi ƙarnuka suna noman masara, wake, kabewa da auduga, kafin tsarin ya watse wajen shekarar 1450.

A ƙarshen 1867 Swilling ya haɗa kamfanin ban ruwa a garin Wickenburg, ya ɗebi ma'aikata suka soma haƙa, suna amfani da sawun mutanen da. A 1868 ruwa ya shiga gonaki, aka girbe alkama, sha'ir da masara, ga kasuwa tana jira a mahaƙa da bariki. Ƙauyen da ya tashi aka sa masa suna Finiks, sunan wani tsuntsu na tatsuniya da ke tasowa daga tokarsa, don gari ne da aka gina a kan kufai.

Sai dai ku tsaya, labarin bai ƙare da daɗi ga kowa ba. Kudu da nan, a bakin Kogin Gila, akwai mutanen Pima, manoman rani tun kaka da kakanni, waɗanda suka riƙa sayar wa sojoji da matafiya alkama. Da baƙi suka ga noma na biya, sai suka zauna a saman kogin, wajen Florence da Safford, suka karkatar da ruwan. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, gonakin Pima sun bushe. Masu ciyar da wasu suka koma jiran tallafin gwamnati. Sai a 2004 aka yi dokar da ta daidaita haƙƙinsu na ruwa.

Su ma manoman Finiks sun ɗanɗana kuɗarsu. Ambaliyar 1891 ta yi musu mummunar ɓarna, fari mai tsawo ya biyo baya. Wannan ya sa, bayan dokar ban ruwa ta 1902, gwamnatin tarayya ta gina madatsar Roosevelt, aka kammala a 1911.

Ina Swilling? Ya rasu a 1878 a tsare a Yuma, bisa zargin fashin da daga baya aka gano ba shi ya yi ba. Mahaƙar Vulture kuwa an rufe ta a 1942, garinta ya zama kango. Finiks a ƙidayar 2020 tana da mutum wajen miliyan 1.6, ita ce ta biyar a girma a duk Amurka.

Zamanin zinariya ya shuɗe, hanyar ruwa ta riƙe gari. Amma duk inda kuka ji an ce an raya hamada, ku tambaya: ruwan wa aka tare, kuma su wa ke zaune a ƙasan kogi?

Ku rubuto mana ra'ayinku a ƙasa.