Kaso cikin ɗari

Kaso cikin ɗari, ko kashi cikin ɗari, hanya ce ta lissafi inda ake ɗauka an raba abu gida 100, sannan a faɗi kaso nawa ake nufi. Alamarsa ita ce %. Rabi shi ne 50%, rubu'i 25%, ushiri kuma 10%. Amfaninsa shi ne kwatanta abubuwan da yawansu ya bambanta: manomin da ya rasa dami 4 cikin 20 da wanda ya rasa dami 10 cikin 50, kowannensu ya yi asarar kashi 20 cikin 100.

Tarihi

A daular Rum, Sarki Augustus ya sanya harajin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan gwanjo. Daga baya 'yan kasuwar Italiya suka riƙa lissafin riba da cewa "per cento", wato cikin ɗari, kuma daga taƙaita rubutun wannan kalma ne alamar % ta samo asali. A Najeriya lissafin ya ƙara sauƙi a 1973, lokacin da naira mai kwabo 100 ta maye gurbin fam mai sule 20.

Yadda ake lissafi

Ana raba kason da jimilla, a ninka da 100. Buhu 3 cikin 12 shi ne 25%. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da tushen lissafin. Misali, idan buhun gero a kasuwar Dawanau ya tashi daga ₦40,000 zuwa ₦50,000, ya ƙaru da 25%. Idan ya koma ₦40,000, ya ragu da 20% ne kawai, domin yanzu daga ₦50,000 ake lissafi.

Amfani a karkarar Kano

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Dawakin Tofa, inda gonaki suke a matse, ana cin karo da wannan lissafi a wurare da dama:

Zakka: hatsin damina da ya kai nisabi ana fitar masa da ushiri, wato dami ɗaya cikin goma. Wanda aka shayar da jigo ko injin ban ruwa 5% ne, kuɗi kuma 2.5%.

Taki: rubutun NPK 15-15-15 na nufin kowane ɗaya daga sinadaran uku 15% ne, wato kilo 7.5 a buhu mai kilo 50. Yuriya tana da 46% na naitirojin, kilo 23 ke nan.

Haraji: a watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga 5% zuwa 7.5%.

Zaɓe: bayan samun ƙuri'u mafi yawa, sai ɗan takarar gwamna ya sami aƙalla 25% a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiha, waɗanda a Kano guda 44 ne.